Wata Shida Bai Cika Ba

Ƙarfe bakwai na safe, ana ta yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya sai dai ya bi shi a hankali. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta tana wanke matajanta a ƙaramin kwano, don ranar tana da kitson mutum huɗu. Sai ga Maigida, ƙaninta, ya nufo ta da shebur a hannu ɗaya, makulli a ɗayan.

"Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Auta. Ina kuma za ka da shebur, ga ka da farar riga?"

"Wata 'yar alfarma na zo nema. Masan nan ya cika."

Masan gidan ba irin na kowa ba ne. Wata ƙungiyar kare muhalli ce ta gina shi, masai busasshe mai yin taki. An ɗaga shi sama da matakala uku, a ƙarƙashinsa akwai rami biyu na siminti, kowanne da 'yar ƙofar ƙarfe ta baya. Ba a zuba masa ruwa. In mutum ya gama sai ya barbaɗa toka ko garin katako, ya koma gefe inda aka ware don tsarki. In rami ɗaya ya cika sai a rufe shi a koma ɗayan, a bar shi wata shida ko fiye, har abin da ke ciki ya bushe ya zama baƙar ƙasa mara wari. Malamar ƙungiyar ta maimaita wannan a tsakar gida sau uku, Gwaggo na ji. Sannan suka liƙa allo a ƙofar gida, an rubuta Gidan Misali, suka naɗa Maigida mai wayar da kan unguwa.

"To a koma ɗayan mana," in ji Gwaggo.

"Ɗayan ai shi muka rufe. Shi za a kwashe."

Ta ƙirga da yatsunta. "Auta, wata biyu ke nan da rufe shi. Malama ta ce shida."

"Malama ta faɗi na littafi ne. Da zafin da aka yi kwanakin baya, ai ya daɗe da nuna. Taki ne, Yaya, ƙasa ce kawai."

Abin da bai faɗa ba, kowa a gidan ya san shi. An gina masan ne don mutum takwas. Bayan an liƙa allo ya ƙara ɗakuna biyar a baya ya zuba 'yan haya, yanzu mutum ashirin da uku ke hawa matakalar nan. Bututun wurin tsarki kuma ya fashe tun watan farko, ya ce za a gyara, ba a gyara ba. Kowa sai ya shiga da butarsa ya yi tsarkinsa a kan ramin. Wa zai fito ba tsarki don an ce masai ba ya son ruwa?

"Ka kira masu kwasa mana, aikinsu ne."

Ya waiga ya rage murya. "Haba Yaya. Masu kwasa a ƙofar Gidan Misali? Ni da nake bin gida-gida ina cewa wannan ba ya bukatar masu kwasa? Ai sai a yi mini dariya har kasuwa. Abin cikin gida ne, ta baya za a yi, ba wanda zai sani. Da ni zan yi da kaina, kin san bayan nan nawa. Maman Yara ga goyo, ga asma."

"Ni kuma ga kitso. Da hannun nan nake taɓa kan mutane."

"Ai wankewa za ki yi. Rabin awa ne. Gidan nan naki ne fa, Yaya, ba baƙuwa ba ce ke."

Haka yake faɗa duk lokacin da yake so ta tuna cewa a ɗakinsa take zaune. Ta karɓi shebur ɗin.

"Ina safar hannun da suka bayar, da takalman roba?"

"Suna cikin akwati. Na ajiye don ranar da baƙi za su zo, kar su gan su sun tsufa. Ki ɗaura leda."

Ta ɗaura leda biyu a kowane hannu, ta zagaya bayan masan. Da ta buɗe ƙofar ƙarfen, ba baƙar ƙasa ce ta fito ba. Abu ne mai ruwa-ruwa ya kwararo har kan silifas ɗinta, wari ya buge ta sai da ta dafa bango. Ta yi amai, ta kurkure baki da ruwan saman da ke zuba daga kwanon rufi, ta koma. Shebur ba ya kaiwa lungun ciki, sai ta durƙusa ta sa hannu tana jawowa. A nan ne wani abu ya ratsa ledar ya shige mata yatsan nuni na dama. Tsohuwar reza ce, wani ya gama aski ya jefa. Ta matse jinin, ta ƙara ɗaura wata ledar, ta ci gaba. Baro tara ta tura zuwa bayan katanga, inda Maigida ya ce a rufe da ƙasa. Rabin awar ta kai ta har azahar.

Ta yi wanka sau biyu. Ta goge hannuwanta da toka, da sabulu, da ɓawon lemun tsami. Uku daga cikin masu kitson sun gaji da jira sun tafi. Matar Direba ce ta zauna, don ita shekara da shekaru ba ta kai kanta wani wuri ba.

Gwaggo ta fara tsaga. Hannunta a kitso abin kallo ne. Ba ta ja, ba ta sa yaro kuka, layinta kamar an ɗora zare an bi. Amma ranar ta kai rabin kai ke nan sai Matar Direba ta fara shaƙar iska tana yamutsa fuska.

"Gwaggo, ɓera ne ya mutu a ɗakin nan?"

"Damina ce, komai sai ya yi wari."

"A'a, wannan ba warin damina ba ne. Duk sanda hannunki ya zo ta gaban goshina nake jin sa." Ta yi 'yar dariya. "Ko kin koma kiwon agwagi ne ba mu sani ba?"

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Daga tagar baya wata 'yar haya ta ɗaga murya, ba da mugunta ba, ita dai bakinta ne ba ya riƙe magana. "Sannu da aiki fa, Gwaggo! Wallahi kin yi ƙoƙari, yanzu masan ya yi sarari."

Matar Direba ta kalli hannun da ke riƙe da gashinta. Ta kalli tsumman da ke ɗaure a yatsan. A hankali ta zame kanta.

"Na tuna na bar tukunya a wuta. Zan dawo a ƙarasa."

Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta fita. Ba ta dawo ba. Kafin sati ya zagayo, tabarmar da mata ke layi a kanta ta zama wurin kwanciyar kyanwa.

Yatsan ya kumbura ya yi ƙyalli. Ciwon na bugawa kamar an sa masa zuciya tasa daban. Gwaggo ta nuna wa Maman Yara, matar Maigida, a bakin kicin.

Maman Yara ta ja da baya da jaririnta. "Wai! Yaya, don Allah ki ɗan tsaya daga nan. Ba don komai ba, kin san jarirai da ɗaukar cuta. Ki sa shi a ruwan gishiri mai ɗumi, zai fashe."

"Ina ganin sai asibiti."

"Asibiti kan yankan reza? Ai sai su tambaye ki inda kika yanke, magana ta fita. Ki bari Baban Yara ya dawo."

Daga ranar aka ware mata kwanonta da cokalinta, aka ce kar ta ƙara taɓa ludayi. Ran Asabar ta ga Maman Yara ta fita da 'yarta mai shekara bakwai, suka dawo da sabon kitso daga shagon bakin titi, an ja wa yarinyar gashi har goshinta ya yi ƙuraje. Tun da aka haifi yarinyar nan ba wanda ya taɓa kanta sai Gwaggo.

"Ba wai ƙyamarki muke ba," in ji Maman Yara, ko da yake ba a tambaye ta ba. "Hutar da ke muka yi."

Da Maigida ya dawo ya duba yatsan daga nesa, hannayensa a baya.

"Ya kusa fashewa. Zan kawo miki ƙwaya daga kemis. Ki ɗan daure zuwa bayan Laraba, baƙi za su zo daga ƙungiya, har da masu ɗaukar hoto. Da sun tafi, ni da kaina zan kai ki."

"Auta, ba na barci. Ciwon ya hau har gwiwar hannu."

"Na sani, Yaya, na sani. Ki yi haƙuri. Kuma dama ina so in ce, ramin da muke kai yanzu har ya kusa baki, ga ruwan buta ga na damina. In baƙi suka leƙa suka ga haka, mun kunyata. A ɗan rage shi kafin Laraba."

Ta ɗaga masa hannun. "Da wannan?"

"Da na hagu mana. Kin riga kin san kan aikin, wani in ya shiga sai ya ɓata. Ni in na duƙa sau ɗaya, sai an ɗauke ni a kujera."

"Ka ji tsoron Allah, Auta. Ni na goya ka."

Fuskarsa ta canja, ya yi kamar shi aka zalunta. "Yanzu abin ya kai ga gori? Shekara nawa kina gidan nan, na taɓa ce miki tashi? Abu ɗaya na roƙa don mutuncin gidanmu. Shi ke nan, bar shi. Dama 'yan haya na ta tambayata ko akwai ɗakin da zai fita."

Ya juya ya shige ciki. Gwaggo ta zauna tana kallon ƙofar ɗakinta, da gadonta na ƙarfe, da akwatinta guda. Ta bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta, ba ta samu inda za ta kai akwatin ba. Washegari da sassafe ta ɗaura leda.

Wannan karon ko kwana ɗaya ramin bai yi a rufe ba. Hannun hagu ba ya iya ɗaga shebur shi kaɗai, dole ta tallafa da na dama. Ledar ta yage tun a baro na biyu. Tana turawa tana kuka mara sauti, tana tsayawa ta jingina da katanga in jiri ya ɗebe ta. 'Yan haya na wucewa da butocinsu suna cewa sannu, suna hawa matakala.

Ranar Laraba aka share gida tas. Aka cika bokitin toka, aka ɓoye butoci, aka ce 'yan hayan baya su ɗan fita zaga gari. Maigida ya sa takalman roba sababbi fil da safar hannu mai ruwan ɗorawa. Ya jera buhu uku na baƙar ƙasa da ya samo daga wurin masu sayar da furanni.

"Yaya, ki kwanta ki huta a ɗaki. Hayaniya za ta dame ki."

Tana kwance zazzaɓi na kaɗa ta, tana jin muryarsa a tsakar gida. Yana bayani tiryan-tiryan: ba ya cin ruwa, ba ya gurɓata rijiya, ba ƙuda, ba wari, ga taki kyauta. Duk gaskiya ne, in an bi ƙa'ida. Ta ji an yi tafi. Sai ta tashi, ta lulluɓe hannun da gefen mayafi, ta fito tana dafa bango.

Malamar ƙungiya ta gan ta ta yi murmushi. "Sannu Mama. Ba ki da lafiya ne?"

Maigida ya riga ta. "Yayata ce. Mai kitso ce, reza ta ɗan yanke ta wurin aiki. Yaya, koma ciki, iska."

"Malama," in ji Gwaggo, "tambaya gare ni. In ramin bai kai wata shida ba, aka buɗe fa?"

"A'a, Mama, kar ma a fara! Kafin wata shida ai guba ce, cuta ce zalla. Ko bayan ya cika ma sai da safar hannu." Ta juya ga baƙin tana dariya. "Kun gani? A gidan nan har tsofaffi sun san tambayar da ta dace. Amma kar ki damu, Mama, kina gidan gwani. Shi yake koya wa unguwa."

Aka yi dariya, Maigida ma ya yi. Gwaggo ta buɗe baki. Ta ga idonsa a kanta, ba harara ba ce, kallo ne kawai, daga ita zuwa ƙofar ɗakinta. Mai hoto ya ce a matso a tsaya gaban buhuna. Aka matsa, aka bar ta a tsaye ita kaɗai. Ta koma ciki.

Bai kai ta asibiti ran Alhamis ba, yana da taro. Ran Juma'a ya ce likitoci ba sa zama sosai. Ran Lahadi da hantsi wata 'yar haya ta same ta a faɗe a bakin ƙofa, jikinta kamar garwashi, hannun ya yi baƙi har wuyansa, mugunya na ɗiga. Sai a lokacin aka nemo mota.

Likitan ya warware tsumman, ya ɗago ya dubi Maigida. "Kwana nawa wannan?"

"Wallahi likita, ba ta faɗa ba. Ka san manyanmu da ɓoye ciwo. Sai maganin gida."

"Me ya yanke ki, Mama?"

Gwaggo ta kalli silin. "Reza."

An cire yatsan nuni gaba ɗaya. Na tsakiya an cece shi, amma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Hannun hagu ma ya yi gyambo a tafi, aka naɗe shi. Da za a sallame ta, ta tambayi ma'aikaciyar jinya a hankali ko mutum na iya kitso da yatsa uku. Matar ta gyara mata filo, ta ce ta dai sha maganinta a kan lokaci.

A gida, da aka kwance mata bandejin dama don a wanke, ta jawo gezar mayafinta ta raba zare uku. Ta gwada. Babban yatsa ya kama, ya nemi abokin aikinsa, babu. Zaren ya zame. Ta sake, ya zame. Ta yi ta yi har la'asar, ko gaɓa ɗaya ba ta ɗaure ba. Ta tattara matajan da kibiyar tsaga ta tura ƙarƙashin gado da ƙafa.

Maigida na gaya wa masu zuwa dubiya cewa ƙaddara ce. Maman Yara na cewa sun yi iya ƙoƙarinsu, har ruwan gishiri sun ce ta sa. Ba wanda ya yi ƙarya da yawa. Kowa ya ɗan rage wani abu ne kawai.

Masai kuwa bai san an yi rashin lafiya ba. Bayan sati uku ya sake cika. Maigida ya zagaya gidan, ya dubi matarsa, ya dafa bayansa, ya dubi ƙofar Gwaggo. Sannan ya ɗauki waya.

Ƙarfe goma sha ɗaya na rana suka zo, mutum biyu da 'yar motarsu, suka tsaya daidai ƙarƙashin allon Gidan Misali. Suna da takalma har gwiwa, da safar hannu har gwiwar hannu, da abin rufe hanci. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta tana ganin titi ta zaure. Mai shago na ta awonsa. Mata biyu sun wuce suna hirarsu. Mai gyaran babur ko ɗagowa bai yi ba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tsaya ya tambaya. Mutuncin gidan da aka ce zai zube, yana nan inda yake. Cikin awa ɗaya suka gama, har babban cikinsu ya ɗaure bututun tsarkin da guntun roba, ya ce abin minti biyar ne.

Maigida na ciki, bai fito ba sai da suka kira shi.

Rana ta take, lokacin salla ya gabato. Gwaggo ta taso zuwa famfon tsakar gida, hannayenta biyu a naɗe. Kan famfon mai tauri ne. Ta sa wuyan hannu ta tura, ya ƙi. Ta haɗa wuyan hannu biyu ta matse, zafi ya ratsa ta har kafaɗa, ta saki. Maman Yara na bakin kicin tana jijjiga jariri, idonta a wani wurin. Gwaggo ta sake gwadawa da gwiwar hannu.

Babban mai kwasar, dattijo mai furfura a gemu, ya riga ya wanke hannunsa ya kai zaure. Ya waigo, ya ajiye bokitinsa, ya dawo. Ya murɗa famfon kaɗan, daidai yadda ruwan ba zai fantsama ya jiƙa bandejin ba, ya kau da kai gefe. Ta sunkuya ta tara fuskarta, ta tara ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ya jira har ta miƙe, ya rufe famfon. Ita ta nufi ɗakinta tana ɗigar ruwa, shi ya ɗauki bokitinsa ya fita.